Józef Pius Dziekoński: Mai zanen cocin jan tubali a Poland ta zamanin mulkin Rasha

Józef Pius Dziekoński, wanda ake furta sunansa kusa da "Yuzef Jekonski", masanin zanen gine-gine ne ɗan ƙasar Poland. An haife shi ranar 5 ga Mayu, 1844 a birnin Płock da ke gaɓar Kogin Vistula, ya rasu ranar 4 ga Fabrairu, 1927 a Warsaw. Ya yi suna wajen zana coci-cocin ɗarikar Katolika bisa salon koyi da ginin magabata, musamman salon Gotik na jan tubali, kuma gommai daga cikin majami'un da ke tsaye a garuruwa da ƙauyukan tsakiya da gabashin Poland daga teburinsa suka fito. Uku daga cikinsu a yau manyan coci ne, mazaunin bishop: na unguwar Praga a Warsaw, na Radom da na Białystok. Shi ne kuma shugaban farko na tsangayar koyar da zanen gine-gine a Jami'ar Fasaha ta Warsaw.

Kusan duk rayuwarsa ta aiki ya yi ta ne a lokacin da babu ƙasa mai suna Poland a taswirar duniya. Takardar izinin sana'arsa daga hukumar Rasha ta fito, haka izinin gina galibin cocin da ya zana, amma waɗanda suka biya kuɗin ginin sun ɗauki hasumiyoyinsa a matsayin shaidar cewa al'ummarsu ba ta ɓace ba.

Ƙasar da aka haife shi a ciki

A shekarun 1772, 1793 da 1795 dauloli uku, wato Rasha da Prusiya da Ostiriya, suka yi wa Poland rabon ganima har ba a bar komai ba. Bayan yaƙe-yaƙen Napoleon, taron Vienna na 1815 ya kafa wata ƙaramar masarauta mai hedikwata a Warsaw, amma Sarkin Rasha ne sarkinta. Płock da Warsaw duk a cikinta suke. Sau biyu Polawa suka ɗauki makami don fita daga wannan ƙangi, a 1830 da kuma 1863, sau biyun kuma aka murƙushe su.

Tawaye na biyu ya zo ne Dziekoński yana ɗan shekara 18, yana ɗalibi. Ya shiga Makarantar Fasahar Zane ta Warsaw a 1860, inda Bolesław Podczaszyński yake cikin malaman sashen gini. Bayan an kashe wutar tawayen, hukuma ta rufe makarantar, ta bar ajin koyon zane kawai. Daga nan duk matashin da ke son cikakkiyar shaidar sana'ar gini sai ya nufi St. Petersburg, babban birnin daular. A can Dziekoński ya samu shaidarsa a 1871 daga Kwalejin Fasaha ta Sarki, kuma ita wannan kwaleji ce ta ba shi matsayin babban masani a 1902, lokacin da sunansa ya riga ya kai ko'ina.

Hukuncin da ya biyo bayan tawayen 1863 ya faɗa wa cocin Katolika da nauyi, domin limamai da dama sun mara wa 'yan tawayen baya. A 1864 aka rufe yawancin gidajen sufaye, aka ƙwace kadarorin coci, aka kori wasu bishop-bishop zuwa cikin Rasha. Harshen Rashanci ya maye gurbin Polanci a ofisoshi da kotuna da makarantu. A lokaci guda gwamnati ta shiga gina coci-cocin ɗarikar Otodoks, addinin Sarki, masu ƙubbobi irin na Moscow, a garuruwan da mabiya ɗarikar ba su wuce sojoji da ma'aikatan gwamnati da iyalansu ba. Sabon cocin Katolika kuwa ba ya tashi sai da izinin hukuma, kuma izinin kan ɗauki shekaru.

Sai dai wannan matsi ya zo daidai da lokacin bunƙasa. Dokar 1864 ta mallaka wa manoma filayen da suke nomawa, jiragen ƙasa suka haɗa Warsaw da kasuwannin Rasha, masaƙu suka cika Łódź da Żyrardów da Białystok da leburori. Ƙidayar 1897 ta nuna mazauna Warsaw sun haura 600,000. Tsofaffin coci, da yawansu na katako, sun yi wa jama'a kaɗan. Akwai buƙata, akwai kuɗi, akwai kuma masana'antun tubali da suke gasa shi da arha. Abin da ya rage shi ne tambayar da ta dami masana: da wace siffa za a yi ginin?

Salon koyi da magabata

A ƙarni na 19 masu zanen gini a Turai ba su ɗauki ƙirƙiro sabuwar siffa a matsayin aikinsu ba. Aikinsu shi ne zaɓen salo daga tarihi gwargwadon abin da ginin zai yi: banki ko kotu a yi musu ginshiƙai irin na Girka da Rum, fadar attajiri a yi mata kwalliyar Italiya ta zamanin Renesans, coci kuwa galibi a koma ga Gotik. Masana tarihin fasaha suna kiran wannan ɗabi'a da sunan koyi da tarihi. Siffar tsohuwa ce, amma kayan aiki da lissafin na zamani ne.

Gotik ya samo asali ne a Faransa wajen shekarar 1140, a cocin Saint-Denis kusa da Paris. Alamominsa su ne baka mai tsini a saman ƙofa da taga, dogayen tagogi masu gilashi mai launi, tokaren da ke riƙe bango daga waje, da rufi mai haƙarƙari, inda bakuna ke tasowa daga ginshiƙai su haɗu a sama. Wanda ya taɓa ɗaga kai ya kalli daurin guga a zauren gargajiya zai gane dabarar, ko da yake kayan aikin sun bambanta: haƙarƙarin ne ke ɗaukar nauyi ya sauke shi a kan ginshiƙi, don haka bango ya samu damar yin tsawo da buɗe tagogi.

A Faransa da dutse ake wannan gini. A filayen arewacin Turai, daga gaɓar Tekun Baltik zuwa kwarin Vistula, dutsen sassaƙa ya yi ƙaranci, sai magina na da suka yi Gotik ɗinsu da gasasshen tubali. Wasu masana tarihi na Kraków, irin su Władysław Łuszczkiewicz, sun yi nazarin waɗannan tsofaffin gine-gine, kuma a shekarun 1880 marubucin Warsaw Karol Matuszewski ya yi ta kiran a ɗauki wannan salo, da aka laƙaba wa sunan Vistula da Baltik, a matsayin salon ƙasa na gina coci. Hujjar mai sauƙi ce. Ƙubba ta zama tambarin Rasha da Otodoks, hasumiya mai tsini kuwa tana nuni ga Turai ta yamma da Rum, inda Fafaroma yake. Ba a buƙatar rubuta komai a bango, wanda ɗan sanda zai iya gogewa.

Akwai rauni a wannan hujja, kuma tun a lokacin an lura da shi. Mafi girman gine-ginen tubali na gaɓar Baltik Jamusawa ne suka yi su: 'yan kasuwar ƙungiyar Hansa da mayaƙan Teuton, waɗanda ganuwarsu ta Malbork ke tsaye har yau, kuma su ne abokan gabar sarakunan Poland na da. Jamusawan ƙarni na 19 ma sun ɗauki Gotik a matsayin nasu, shi ya sa suka kammala babban cocin Cologne a 1880 da biki na ƙasa. Ingilishi sun gina majalisar dokokinsu da shi. Salon da kowa ke cewa nasa ne da wuya a ce na wani ne shi kaɗai. Amma a gabashin Vistula, inda kishiyar ita ce ƙubbar Rasha, wannan gardama ta masana ba ta hana limamai da manoma fahimtar saƙon ba.

Cocin St. Florian a Praga

Praga unguwa ce a gaɓar gabas ta Vistula, tana fuskantar tsohon birnin Warsaw. Bayan an buɗe layin dogo na St. Petersburg a 1862 da gadar ƙarfe ta Kierbedź a 1864, unguwar ta cika da ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan kasuwa da leburori. Matafiyin da ya sauka daga jirgin St. Petersburg, abin da ya fara tarar da shi shi ne cocin Otodoks na Maryamu Magadaliya mai ƙubbobi biyar, wanda aka gina tsakanin 1867 da 1869. Katolika, duk da su ne masu yawa a cikin Kiristocin unguwar, ba su da coci da zai ɗauke su.

Limamin yankin, Ignacy Dudrewicz, ya yi ta fafutuka har aka ba da izini, kuma a 1886 aka shirya gasar zane da sharaɗin a bi salon Gotik na Vistula da Baltik. Dziekoński ne ya lashe. Ya zana coci mai sassa uku a tsaye da ɗaya a gicciye, bango na jan tubali ba tare da shafe ba, da hasumiya biyu a gaba masu tsawon mita 75. An keɓe shi don ibada a 1901 da sunan Mala'ika Mika'ilu da St. Florian, wani hafsan sojan Rum da Katolika ke ɗauka majiɓincin 'yan kwana-kwana. Ayyukan ƙarshe sun kai 1904. Tazarar da ke tsakaninsa da cocin Otodoks tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa, kuma hasumiyoyin sun fi ƙubbobin tsawo nesa ba kusa ba.

Gwamnati ma ta san yaren tsawo. Tsakanin 1894 da 1912 ta gina babban cocin Otodoks na Alexander Nevsky a Dandalin Saxon, tsakiyar Warsaw, bisa zanen Leon Benois, da hasumiyar ƙararrawa mai kimanin mita 70. Bayan samun 'yanci, sabuwar gwamnatin Poland ta rushe shi tsakanin 1924 da 1926, Dziekoński yana da rai. Wannan ya nuna yadda ɓangarorin biyu suka ɗauki irin waɗannan gine-gine: ba wuraren ibada ba ne kawai.

St. Florian ya zama abin kwaikwayo. Limaman garuruwa da ƙauyuka suka riƙa neman a yi musu irinsa gwargwadon aljihunsu, wani da hasumiya biyu, wani da ɗaya. Amma cocin bai tsira daga aibi ba. Ƙasar Praga mai laushi ce, ta bakin kogi, kuma nauyin hasumiyoyin ya sa bango ya fara tsagewa, har a shekarun 1930 aka sauke kawunansu aka rage musu tsawo.

"Ƙari" da ya fi uwar ɗaki girma

Labarin da aka fi ba da shi game da aikin Dziekoński ya faru ne a Białystok. Wannan gari ba ya cikin masarautar Warsaw. Yana lardin Grodno ne, cikin yankunan da Rasha ta haɗe da kanta kai tsaye, inda dokar hana gina sabon cocin Katolika ta fi tsanani. Garin ya bunƙasa da masaƙun ulu, amma Katolikansa, dubbai, suna da ƙaramin coci guda ne da wani basarake, Piotr Wiesiołowski, ya gina tsakanin 1617 da 1626. Ranar Lahadi mafi yawan masu ibada a waje suke tsayawa, a ƙasar da ƙanƙara ke rufe ta wata da watanni.

Bayan doguwar jira, abin da hukuma ta amince da shi shi ne a faɗaɗa tsohon cocin, ba a gina sabo ba. Limamin garin, Wilhelm Szwarc, da jama'arsa suka karɓi izinin yadda yake. Dziekoński ya zana "ƙarin" da aka manna a jikin tsohon ginin: tsawonsa mita 90, hasumiyoyinsa sun haura mita 72. An gina shi tsakanin 1900 da 1905. A takarda ba a karya doka ba, domin gine-ginen biyu a haɗe suke. A ido kuwa farin tsohon cocin ya koma kamar ɗan zaure a gefen katafaren jan gini, kuma haka suke har yau a bakin babban dandalin garin. Duk ma'aikacin da ya taɓa riƙe fayil ya san irin wannan hikima, ta bin harafin izini a bar niyyar mai ba da shi.

A shekarar da aka kammala ginin, 1905, juyin juya hali ya girgiza Rasha, Sarki Nicholas na Biyu ya fitar da dokar sassauci kan addini a watan Afrilu. Daga nan izini ya yi sauƙi, kuma shekaru tara da suka rage kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya sun zama kakar gina coci a yankin.

Radom, Żyrardów da ƙauyuka

A Radom, kudu da Warsaw, ya zana cocin da aka kammala a 1911, mai hasumiya biyu masu mita 72. Kawunan hasumiyoyin ya kwaikwayo su ne daga doguwar hasumiyar cocin Maryamu na Kraków, tsohon birnin sarakunan Poland, wanda a lokacin yake hannun Ostiriya, hayin iyaka. Mutumin Radom da ba zai iya zuwa Kraków ba sai da fasfo, sai ga alamar Kraków a garinsu.

Żyrardów kuwa garin masaƙa ne tun daga tushe. Sunansa ma daga Philippe de Girard ya samo, Bafaranshen da ya ƙirƙiro injin kaɗa zaren lilin. Kamfanin Hielle da Dittrich, wanda ya sayi masaƙar a 1857, ya gina gidajen ma'aikata da makarantu da asibiti, duk da jan tubali. Cocin da Dziekoński ya zana wa garin an gina shi tsakanin 1900 da 1903, kuma mai masaƙar, Karol Dittrich ƙarami, ya zuba kuɗi mai yawa a ciki. A nan cocin bai fito daban ba. Tubalinsa ɗaya ne da na masaƙar da na gidajen leburori, hasumiyoyinsa suna tsaye kusa da bututun hayaƙi. Garin ya riga ya ga yajin aikin mata masu naɗin zare a 1883, saboda haka kyautar mai masaƙa ba ta rasa lissafin zaman lafiyar masana'anta a cikinta.

Mafi yawan aikinsa, sai dai, a ƙananan wurare yake: garuruwa irin su Nasielsk da Garwolin da ƙauyuka da yawa na yankunan Mazovia da Podlasie. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, babu tudu, don haka hasumiyar coci ake fara hangowa daga nisan kilomita da dama. Manoma ne suka tara kuɗin, suka yi jigilar tubali da itace a kekunan doki, ginin kan ɗauki shekaru ana tsayawa ana ci gaba gwargwadon yadda kaka ta yi. Ofishin Dziekoński ya iya wannan ciniki: zane mai tsari ɗaya da za a iya ƙara masa ko rage masa, wanda maginin gari zai iya aiwatarwa ba tare da masassaƙan dutse masu tsada ba, domin adon ma da tubalin da aka zuba a ƙira ake yin sa.

Nan ne kuma sukar da ake yi masa ta fi ƙarfi. Cocin sun yi kama da juna, kuma wanda ya ga biyar ya kusa ganin sauran. Mafi ciwo, a ƙauyuka da yawa na wancan zamani sabon ginin tubali ya tashi ne a gurbin tsohon cocin katako mai shekaru ɗaruruwa, wanda ya fi shi zama gadon wurin na asali. Da sunan salon ƙasa aka yi asarar wani ɓangare na ainihin abin da ƙasar ta gada.

Ba Gotik kaɗai ba

Kuskure ne a ɗauka hannu ɗaya gare shi. Kamar sauran tsararsa, yakan sauya salo idan wuri ko mai aiki ya buƙata. A Zakopane, garin duwatsun Tatra da ke ɓangaren Ostiriya, ya zana cocin Iyali Mai Tsarki da dutse bisa salon Romanesk mai baka zagayayye; liman Józef Stolarczyk ne ya fara ginin a 1877, aka kammala a 1896. A Łódź, tare da Edward Lilpop, ya zana ɗakin kabarin Karol Scheibler, babban attajirin masaƙar auduga, mabiyin ɗarikar Luther, tsakanin 1885 da 1888. Wannan Gotik ne na dutse mai sassaƙa kamar saƙa, kusa da na Faransa da Jamus, kuma yana cikin mafi kyawun abin da ya fito daga hannunsa.

A Warsaw ya sake fasalin cocin St. Alexander da ke Dandalin Gicciye Uku tsakanin 1886 da 1895. Ginin asali, na Chrystian Piotr Aigner, zagayayye ne ƙarami da aka kwaikwayo daga Pantheon na Rum, an gina shi tsakanin 1818 da 1825 don girmama Sarki Alexander na Ɗaya. Dziekoński ya ƙara masa dogon zaure da hasumiya biyu da ƙubba mai tsawo bisa salon Renesans, har tsohon ginin ya kusa ɓacewa a ciki. Daga 1901 kuma, tare da Ludwik Panczakiewicz da Władysław Żychiewicz, ya yi cocin Mai Ceto, wanda dandalin Zbawiciela ya ci sunansa, inda aka gauraya siffofin Renesans da Barok na Poland. Wannan ya zo daidai da sauyin ra'ayi: masu zane irin su Stefan Szyller sun fara cewa salon ƙasa na gaskiya a gine-ginen ƙarni na 16 da 17 yake, lokacin da daular Poland take kan ganiyarta, ba a Gotik mai ƙamshin Jamus ba.

Ya yi aikin da ba na addini ba ma. Mafi girma shi ne sabon mazaunin Asibitin Jariri Yesu a Warsaw, wanda aka gina tsakanin 1897 da 1901 bisa tsarin rukunoni daban-daban a cikin fili mai itatuwa, yadda likitocin lokacin suka so don hana cuta yaɗuwa daga ɗaki zuwa ɗaki. Asibitin yana aiki har yanzu a titin Lindley.

Malami da mai gyaran tsofaffin gine-gine

Da yake Warsaw ta daɗe ba ta da makarantar koyon zanen gini da harshen Polanci, ofisoshin manyan masu sana'a su ne makarantun. Ta ofishin Dziekoński matasa da dama suka bi, cikinsu har da Franciszek Lilpop, Hugo Kuder, Czesław Domaniewski da Zdzisław Mączeński. Na ƙarshen ya yi aiki tare da shi a cocin Grybów, daga baya kuma ya zana ginin Ma'aikatar Ilimi ta Poland mai 'yanci cikin salo mara ado, nesa da abin da ya koya a wurin maigidansa.

Ya kuma shiga aikin adana gine-ginen tarihi. Yana cikin ƙungiyar kula da kayan tarihi da aka kafa a Warsaw a 1906, wadda ta riƙa yin abin da a ƙasa mai 'yanci hukuma ce za ta yi: auna tsofaffin gine-gine, ɗaukar hotunansu, ba limamai shawara kafin su rushe ko su gyara. Ya sa hannu a gyaran cocin St. Anne na Vilnius a farkon ƙarni na 20, tare da Sławomir Odrzywolski na Kraków. Wannan ƙaramin coci, na wajen shekarar 1500, yana cikin fitattun gine-ginen Gotik na tubali a duk yankin, wato ainihin irin abin da ya shafe rayuwarsa yana kwaikwayo.

A watan Agustan 1915 sojojin Rasha suka janye daga Warsaw, Jamusawa suka shigo. Don neman goyon bayan jama'a, sababbin masu mulkin suka yarda a buɗe jami'o'i da harshen Polanci, kuma ranar 15 ga Nuwamba, 1915 Jami'ar Fasaha ta Warsaw ta fara aiki. Aka naɗa Dziekoński, yana da shekara 71, shugaban tsangayar zanen gine-gine. Ya ga dawowar Poland a Nuwamban 1918. Ya kuma ga ɗaliban tsangayar sun juya wa duk wani koyi da tarihi baya, sun rungumi kankare da ƙarfe da bango fili. Lokacin da ya rasu a 1927 aka binne shi a maƙabartar Powązki, salon da ya yi suna da shi ya riga ya zama tsohon yayi.

Abin da yaƙi ya bari

Yaƙin Duniya na Biyu ya yi wa aikinsa na Warsaw mummunar ɓarna. A watan Satumban 1944, yayin da sojojin Sobiyet ke shiga Praga, Jamusawan da ke janyewa suka tarwatsa St. Florian da nakiya. Guntayen bango ne suka rage, da gumakan Mika'ilu da Florian. St. Alexander ya ruguje a boren Warsaw na wannan shekarar, cocin Mai Ceto ma ya ji jiki ƙwarai.

Hukuncin da aka yanke wa kowannensu bayan yaƙi ya bambanta, kuma ya nuna matsayin da ake ba irin wannan gini a lokacin. Masanan da suka jagoranci sake gina Warsaw a ƙarƙashin gwamnatin gurguzu sun ɗauki gine-ginen ƙarshen ƙarni na 19 a matsayin kwaikwayo mara daraja. Da aka zo kan St. Alexander tsakanin 1949 da 1952, sai aka maido da ƙaramin zagayayyen ginin Aigner, aka kawar da abin da ya rage na ƙarin Dziekoński. Mai ziyartar Dandalin Gicciye Uku a yau ba zai ga aikinsa ba. Cocin Mai Ceto an gyara shi, amma aka kewaye shi da manyan gidajen sabuwar unguwar MDM, kuma tsinin hasumiyoyinsa bai dawo ba sai a 1996, bayan faɗuwar gurguzu.

St. Florian kuwa an sake gina shi a hankali, da tsofaffin tubalan ƙarni na 19 don launin ya dace, aka kammala a 1972 da hasumiyoyi masu tsini kamar yadda aka zana tun farko. A ranar 25 ga Maris, 1992 Fafaroma John Paul na Biyu, shi ma ɗan Poland, ya sake tsara yankunan bishop-bishop na ƙasar. St. Florian ya zama mazaunin bishop na sabon yankin Warsaw-Praga, cocin Radom ya zama mazaunin bishop na Radom, "ƙarin" Białystok kuma ya zama mazaunin babban bishop. Cocin Otodoks na Maryamu Magadaliya, wanda bai faɗi ba a rushe-rushen shekarun 1920 ko a yaƙin, yana nan a wurinsa a Praga, kuma shi ne hedikwatar shugaban ɗarikar Otodoks ta Poland.